Darasi: Zaɓen Irin Da Za A Shuka A Tukunya Da Kaka

1. Kaka ta zo

Jama'a, ga kaka ta zo. Ruwa ya ɗauke. An yanke gero an ɗaure dammuna, dawa kuwa tana jiran lokacinta. Wanda Allah ya ba ya zuba a rumbu. Amma kowa ya sani tuwo ba ya ciwuwa sai da miya.

A ƙasarmu ta Jibiya ruwan sama ya kan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Ba ya komowa sosai sai Yuni. Ku ƙidaya da yatsa, za ku ga ya fi wata bakwai. Cikin waɗannan watanni yawancin gidaje ba su da miya sai ta kuka da busasshiyar kuɓewa. Miyar kuka ba ta da laifi. Amma jikin mutum yana bukatar ɗanyen ganye, balle yaro da mace mai ciki da mai goyo. Rashin ganye da karas da irinsu yana cikin abin da ke kawo dundumi, watau yaro ya daina gani sosai in magariba ta yi. Yana kuma taimakon ƙarancin jini.

Masu fili kusa da madatsar ruwa ta Jibiya, wadda aka yi a kan gulbin Gada, suna noman rani. Amma ba kowa ke da fili a can ba. Akwai tsofaffi. Akwai matan da ba su fita. Akwai kuma shekarun da 'yan bindiga suka hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa. Mu mutanen Mazanya, da ke zaune a bakin iyaka, mun san wani abu kuma. An rufe iyaka a Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Aka sāke rufewa a Agusta 2023, Nijeriya ta buɗe a Maris 2024. Duk sa'ad da hanya ta toshe, ciniki ya kan tsaya, kuɗi su yi wuya a hannu, cefane ya gagari mai gida.

Saboda haka ya kamata kowane gida ya sami ɗan lambunsa a tsakar gida, inda ba mai rufe masa hanya. Ba sai da fili ba. Tsohon bokiti ya isa, ko fasasshiyar randa, ko daro, ko buhu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ba mu kaɗai ke wannan dabara ba. A birnin Nairobi na ƙasar Kenya akwai wata unguwar talakawa, sunanta Kibera. Gidajen a matse su ke, ba inda za a kafa fartanya. Mutanen wurin su kan cika buhu da ƙasa, su huhhuda jikinsa, su dasa ganye a sama da gefe. Da shi su ke miya, har su sayar da saura.

2. Kuskuren da na yi

Bari in ba ku labarin kaina. Shekarar da na fara wannan aiki na cika bokiti shida da ƙasa. A cikin Nuwamba ne. Na shuka kuɓewa a uku, kankana a biyu, kabewa a ɗaya, don su na fi so. Kullum ina ban-ruwa safe da yamma. Kuɓewa ta tsiro, ɗari ya kama ta, ta tsaya cik ba ta wuce taƙi biyu ba. Kankana ta yi yaɗo ta sha ruwa kamar raƙumi, ta ba ni 'ya'ya biyu, kowane bai fi lemo ba. Kabewa ko fure ba ta riƙe ba.

Maƙwabciyata wata tsohuwa ce, ba ta taɓa shiga aji ba. Daro ɗaya gare ta da fasassun tukwane uku. Ta shuka lansir da salak, ta binne albasar da ta tsiro mata a ɗaki. Kafin in tsinki komi ta yi kwaɗo sau biyar. Ran nan ta leƙo ta ga bokitaina, ta yi dariya, ta ce, “Malam, ka iya karatun takarda, amma ba ka karanta sanyi ba.”

Na ce, “Gaskiyarki, Inna.”

Ƙasata da tata iri ɗaya ce. Ruwan rijiya ɗaya mu ke ɗiba. Abin da ya raba mu shi ne zaɓen iri. A gona, in wani abu ya ƙi, wani ya yi. A tukunya kuwa wuri kaɗan ne, ruwa kaɗan ne. In ka yi kuskuren iri, ka yi hasarar wata uku da ruwan da ka sha wuyar ja. To, kafin ka shuka komi, sai ka yi wa kanka tambaya huɗu.

3. Tambaya ta fari: yana son sanyi?

A ƙasashen Turai, kamar Ingila, in kaka ta zo lambu ya kusa mutuwa ke nan, don ƙanƙara na tafe. Mu namu ba haka ba ne. A wurinmu kaka ita ce ƙofar lambu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dare da asuba akwai sanyi, rana kuwa ba ta da zafi ƙwarai. Wannan shi ne lokacin da waɗansu tsire-tsire suka fi so duk shekara.

Masu son sanyi su ne: salak, wanda mutanen Maradi ke ce wa salati, da lansir, da albasa, da tafarnuwa, da karas, da kabeji, da tumatir.

Masu son zafi su ne: kuɓewa, da lalo, da rama, da yakuwa, da alayyafo. In ɗari ya tsananta ba su sauri. Yakuwa kuma in aka shuka ta da kaka ta kan yi fure tun tana ƙarama, don kwanakin sun gajarta, sai ganyenta ya yi kaɗan. Alayyafo shi ne mai dama a cikinsu. Shuka shi a Oktoba tun da sauran ɗumi, ka ci kafin sanyi ya kankama. Sa'an nan ka sāke shuka shi a ƙarshen Fabrairu, in zafi ya fara komowa.

Tattasai da attarugu suna tsakani. Suna yi da kaka, amma suna da nawa, sai mai haƙuri.

Ku lura da wannan: sanyinmu gajere ne. Maris na shigowa zafi ya tashi. Da bazara furen tumatir ya kan zube ba tare da ya yi ɗa ba. Salak kuwa ya yi tsiri ya yi ɗaci. Saboda haka sai ka yi lissafi daga baya zuwa gaba. Tumatir yana yin mako 3 ko 4 a wurin reno kafin a dasa. Bayan dashe yana bukatar wata biyu zuwa biyu da rabi kafin ya fara nuna. In ka yafa iri a tsakiyar Oktoba, ka dasa a Nuwamba, za ka ci a Janairu da Fabrairu. In ka yi sakaci har Janairu, zafi zai riga ka.

4. Tambaya ta biyu: tukunyar za ta ɗauke shi?

Kowane tsiro da tsawon saiwarsa. Ba a sa babban mutum rigar yaro.

Masu gajeriyar saiwa: lansir, salak, alayyafo, albasa, tafarnuwa, na'ana'a. Ƙasa mai zurfin taƙi ɗaya, watau kamar inci 8, ta ishe su. Daro, ko kwatarniya, ko gindin randa, ko jarkar da aka tsaga a kwance, duk sun yi.

Mai matsakaiciyar saiwa: karas. Yana son zurfin ƙafa ɗaya, da ƙasa mai laushi wadda ba duwatsu. Ba a dasa karas. Inda aka shuka shi nan ya ke girma. In ya tsiro a cunkushe sai a rage, a bar faɗin yatsa uku tsakanin wannan da wannan.

Masu doguwar saiwa: tumatir, tattasai, attarugu, gauta. Kowane ɗaya yana son bokitinsa shi kaɗai, mai cin lita 20, ko buhun da aka cika har kamu ɗaya. Kada ka yi kwaɗayi ka dasa uku a bokiti guda. Za su yi ta kokawa, ba wanda zai yi ƙiba. A cikin tumatir kuma ka nemi gajeren iri, kamar wanda manoma ke kira UTC, ko Roma. Ba su tsawo ainun, ƙaramin sanda ya ishe su jingina.

Waɗanda ba na tukunya ba: kankana, kabewa, duma, masara, rogo. Bar su sai gona.

Wace irin tukunya? Ta ƙasa ta fi sanyaya saiwa, amma ruwa ya fi saurin bushewa a cikinta. Ta roba tana riƙe ruwa, amma baƙa ta kan yi zafi da rana. Gwangwani da ƙarfe sun fi kowa zafi, sai a naɗe su da tsohon buhu. Ko wacce ka samu, tilas ka huda gindinta wuri huɗu ko biyar. In ruwa ya kwanta saiwa za ta ruɓe.

Ga gargaɗi na musamman gare mu mutanen bakin iyaka. Jarkoki sun yi yawa a garin nan, amma da yawa an zuba fetur ko gas ko baƙin mai a ciki. Kada ka shuka abin ci a irin wannan. Haka kuma galan ɗin maganin ƙwari ko na kashe ciyawa, ko an wanke shi sau goma. Nemi jarkar da aka sa man gyaɗa ko manja ko ruwa.

Ƙasar da za ka zuba: awo biyu na ƙasar gona mai kyau, awo ɗaya na taki wanda ya ruɓe sarai. Ƙasarmu jigawa ce, ruwa ba ya daɗewa a cikinta. Taki ne ke riƙe mata ruwa. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki yana ƙone tsiro, sai wanda ya kwana biyu ya yi baƙi ya daina wari.

5. Tambaya ta uku: ruwanka zai kai?

Tsiron gona yana miƙa saiwa ƙasa ya nemi laima. Na tukunya ba shi da kowa sai kai. In ka manta da shi kwana biyu cikin hunturu, ya tafi.

Saboda haka tun da fari ka auna ƙarfinka. A ce kowace tukunya tana shan lita 2 a yini. Jarka ɗaya mai lita 25 za ta shayar da tukwane 12, har lita 1 ta yi saura. In jarka ɗaya ka ke iya warewa kullum, kada ka wuce goma sha biyu. Mai farawa ma ya tsaya a biyar ko shida. Tukunya biyar masu rai sun fi ashirin matattu.

Uwargida, ruwan da kika wanke shinkafa ko gero ko ganye da shi, kada ki zubar. Ruwan alwala ma a tara shi a daro. Duk abincin lambu ne. Amma ban da ruwan wanki mai omo da yawa, da ruwan gishiri ko na kanwa. Suna kashe ƙasa.

Da safe a ke ban-ruwa, a gindi, a hankali. Kafin ka ƙara, tsoma yatsa cikin ƙasa. In ka ji laima, bari tukuna. Rufe bakin tukunya da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, ruwa zai fi daɗewa.

Kabeji yana son sanyi, gaskiya ne. Amma yana cin wuri, yana shan ruwa kusan wata uku, sa'an nan ya ba ka kai guda, ka sare shi ke nan. Tsutsa kuma na sonsa. Mai ƙarancin ruwa ya bar wa masu fadama.

6. Tambaya ta huɗu: sau nawa zai shiga tukunyar miya?

Wannan ita ce babbar tambaya. Iri mai kyau ga tukunya shi ne wanda za ka tsinka yau, ka komo jibi ka sāke tsinka.

Lansir: yafa shi kawai, cikin mako 2 zuwa 3 ya isa yanka. In ka yanka sama ka bar gindi zai sāke tohowa.

Salak: irinsa ƙanana ne, kada a binne shi da zurfi, a ɗan yayyafa masa ƙasa kawai. Bayan kamar mako 6 fara tsinkar ganyen waje, ka bar na tsakiya. Gindi ɗaya zai daɗe yana ba ka.

Alayyafo: mako 3 zuwa 4. Yanke kai, rassa za su fito.

Albasa: mai son ƙwaya sai ya jira wata huɗu ko fiye. Albasar Galmi ta ƙasar Nijar, wadda ta yi suna har bakin teku, a wannan lokaci na sanyi a ke nomanta. Amma mai tukunya lawashi ya fi masa riba. Albasar da ta tsiro a ɗaki, wadda da za a yar, binne ta rabi. Cikin mako 2 ko 3 ka sami lawashi.

Na'ana'a: ba sai da iri ba. Karɓi reshe wurin mai shi ka dasa. Ba ta damu da rana mai yawa ba. Ba ta tukunyarta ita kaɗai, don ta kan mamaye wuri.

Zogale: itace ne, ya fi son ƙasa. In akwai lungu a bayan ɗaki, dasa shi can inda ruwan wanke-wanke ke bi. A riƙa sare kansa don kada ya fi ƙarfin hannu.

To, ga shawarata ga mai tukwane shida: biyu tumatir, ɗaya attarugu, daro ɗaya salak, ɗaya lansir, ɗaya albasa. Kada ka yafa lansir da salak duka rana ɗaya. Shuka rabi yau, rabi bayan mako biyu, don kada su zo maka gaba ɗaya su ƙare gaba ɗaya.

7. Sayen iri

A nan ne karatunku zai yi muku rana. In ka je kasuwar Jibiya ran Lahadi, ko wani ya kawo maka iri daga Maradi, dubi jikin takardar. Wata da Turanci a ke rubuta ta, wata da Faransanci, amma lambobi iri ɗaya ne. Nemi shekarar da aka rubuta. Tsohon iri ba ya tsira sosai. Na albasa ma in ya wuce shekara ɗaya ƙarfinsa ya ragu ƙwarai.

In ka ga an rubuta F1, iri ne na aure. Yana yin kyau a shukar fari. Amma in ka ɗebi irinsa ka ajiye don baɗi, 'ya'yan ba za su fito daidai da uwar ba.

In ka ga ƙwayar iri an rina ta ja ko shuɗi ko kore, magani ne aka shafa mata. Guba ce. A ɓoye wa yara da kaji, a wanke hannu bayan shuka.

In kana shakkar iri, gwada shi. Ƙidaya ƙwaya 10, naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ajiye a inuwa, kada ka bari ya bushe. Bayan mako guda buɗe ka ƙidaya. In 7 ko fiye sun tsiro, iri ne mai kyau. In ba su kai 5 ba, nemi wani.

8. Inda za a ajiye, da abokan gāba

Tumatir da tattasai da albasa suna son rana kamar awa shida. Da ɗari rana ta kan karkata kudu, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas ta ke busowa. Saboda haka jera tukwanenka a gefen kudu na katanga. Katangar za ta tare iska, ba kuwa za ta tare rana ba.

Akuya ita ce babbar abokiyar gāba. Abin da ka yi wata biyu kana reno, ta gama da shi kafin ka ɗaura alwala. Kewaye da zana ko ƙaya tun ran da ka shuka. Kaji da ƙadangaru suna cin ƙananan tsiro, sai a rufe da tsohon gidan sauro wanda ya riga ya yage. Ɗora tukwane a kan duwatsu saboda gara.

In darɓa ta kama ganye, daka ganyen bedi ko 'ya'yansa, wanda waɗansu ke kira dogon yaro, jiƙa ya kwana, tace ka yayyafa da yamma. Akwai kuma tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Katsina da Kano da Kaduna a 2016. Tana shiga cikin ganye ta ci, sai ka ga wurin ya yi fari kamar takarda. Mai tukunya biyu ya fi mai gona sauƙi. Duba kowace safiya, tsinke ganyen da ta shiga, jefa a wuta.

Abu na ƙarshe: salak da lansir ɗanye a ke cinsu. A wanke su sarai da ruwa mai tsabta kafin a kai baki.

Tambayoyi

1. Faɗi iri huɗu masu son sanyi, da uku masu son zafi.
2. Don me kuɓewar malam ta ƙi girma?
3. Wace jarka ce ba a shuka abin ci a cikinta?
4. Me ya sa lawashi ya fi ƙwayar albasa riba ga mai tukunya?
5. A wane gefe na katanga za ka jera tukwane? Don me?

Lissafi

1. Tukunya ɗaya tana shan lita 2 a yini. Lita nawa tukwane 6 za su sha a mako ɗaya?
2. Ka gwada ƙwaya 10, guda 4 suka tsiro. Nawa suka mutu? Za ka shuka wannan iri?
3. Ka dasa tumatir ran 10 ga Nuwamba. Ya fara nuna bayan kwana 70. Wane wata ke nan?

Rubutu

Kwafi wannan a littafinka: Iri ya dace da lokaci, ya dace da tukunya, ya dace da ruwa.

Aikin gida

Kowa ya zaga gidansa ya ƙidaya tsofaffin mazubai da ba a amfani da su. Ya rubuta sunan kowanne, a gabansa kuma ya rubuta irin da zai shuka a ciki. Ku zo da takardar aji na gaba. Wanda ke da ragowar irin salak ko lansir ya zo da shi, mu rarraba.